Bargon Jariri a Kan Tumatir

"...da sanyi, Kaka?"

"Sanyi lokacinsa ne. Ya gajiyar keken ɗinki?"

"Babu gajiya. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Ke kuwa lafiya kike gaishe ni kamar kin kawo sammaci?"

Allura ta tsaya a kansa. Sunan da gidan ya laƙaba mata ke nan, don siririya ce, bakinta kuma ya fi jikinta tsini. Tela ce. Tun wayewar gari take neman bargon jaririn da ta yi makonni tana haɗawa da ragowar ƙyallayen ɗinki, ta cusa masa auduga, ta bi shi da zare layi-layi har yatsunta suka yi kanta. Jiya ta wanke shi ta shanya a igiya, saboda yau da la'asar za a sallamo yayarta daga asibiti da ɗanta na fari. Ta duba ƙarƙashin gado, ta zargi akuya, ta zargi iska. Sai ga bargo a lambun bayan gida, shimfiɗe a kan fangalin tumatir, an danne gefensa da duwatsu. Kakanta na zaune kusa da shi a kan kifaffen bokiti yana shan hantsi, ko a jikinsa.

Ta nuna da yatsa. "Kaka, mene ne wancan?"

"Wanne? Idona ba ya gani da safe."

"Amma da yamma yana ganin shanyar mutane?"

"Haka ake yi wa miji magana kafin ya karya?"

"Mijin da ke sace mini shanya? Na sake ka. Tattara bokitinka ka kama gabanka."

"A'a! Yau mace ke saki? To wa zai kwashe ki, ke da iska ke neman ɗauka?" Ya gyara zama. "Bari in gaya miki gaskiya. Bargon nan da kansa ya sauko daga igiya. Na fito na tarar yana jan ciki zuwa lambu. Na ce masa, koma, uwar ɗakinka masifaffiya ce. Ya ƙi."

"Duwatsun ma shi ya ɗora wa kansa?"

"Bargo ne mai hankali. Bai yi halin mai shi ba."

Allura ta harare shi. Ta riƙe ƙugu.

"Buhuna nawa ne jibge a ɗakin ajiya? Tsummokara nawa? Duk ba ka gansu ba sai abin da na ƙare idona a kansa?"

"Buhu? In rufa wa 'ya'yana buhu? Kin san irin sanyin da aka yi jiya kuwa? Ni na shuka su, ni na dasa su, ina ɗaukar musu ruwa da wannan ƙafar. Kowanne na san fuskarsa."

"'Ya'yan naka da suka yi kama da haƙoranka? Ɗaya a nan, ɗaya a can, sauran fili?"

"Ki bar haƙorana, sun ci abin da ba ki taɓa gani ba. Kuma taimakonki na yi. Wa ke rufa wa ɗan mutum abin da ba a gwada ba? Na ce bari in fara da tumatir. In ya kwana lafiya, yaro ma zai kwana."

"Ɗan yayata ne kake haɗawa da tumatir?"

"An ce mini ja ne, kansa sulɓi. Ina bambancin? Kuma shi baƙon nan, ko haƙori ɗaya ba shi da shi, har ya zo ya fi ni gata a gidana?"

"In aka ƙirga, da kaɗan ka fi shi."

Tsoho ya buɗe baki zai rama, ya tuna abin da ke cikin bakin, ya rufe. Allura ta tsallake kwatar ruwa, ta fara watsar da duwatsun.

"A hankali! Za ki karya musu wuya!"

Ta ɗaga bargon. Dashen tumatir na tsaye a ƙarƙashinsa kore shar, ganye a miƙe. Na fangalin gefe da ba a rufe ba kuwa duk sun langaɓe, bakin ganyensu ya ƙone.

"Kin gani!" Kaka ya tafa hannu. "Ɗinkin naki a karkace yake kamar tafiyar mashayi, amma wallahi yana da ɗumi. Na ba shi shaida."

Ita ba ta ji shi ba. Bargon take juyawa. Raɓa ta jiƙa shi sharkaf, kashin kajin da tsohon ya zuba wa fangalin ya manne a cikinsa, wannan duk wanki ne. Amma a kusurwa ɗaya, inda dutse mai kaifi ya danne, iska ta yi ta ja har ƙyallen ya yage ya kai tafin hannu, auduga ta leƙo waje. Ragowar ƙyallayenta masu laushi kuwa duk sun ƙare a jikinsa. Ta tuna yadda yayarta ta shafa shi da tsohon ciki tana cewa, a cikin wannan za ki karɓar mini shi. Idonta ya kawo ruwa. Ta juya baya don kada tsohon ya samu abin faɗi.

Kaka ya leƙo, muryarsa ta ɗan sauka. "Ɓera ne."

"Ɓera mai furfura."

"To, ki ɗebi karas."

"In ɗinka karas a bargo?"

"Ki haɗa da latas. Fangali guda na bar miki."

Ta share ido da gefen mayafi ta juyo. A nan ta lura da abin da ke jikinsa: doguwar rigar sanyinsa shuɗiya, mai laushi kamar gashin kyanwa, wadda ba ya bari kowa ya wanke masa. Ta sa hannu a aljihu ta zaro almakashi.

"Me kike kallo?" Ya kama gaban rigar da hannu biyu.

"Tafin hannu ɗaya kawai nake so."

"Ke! Rigar nan ta girmi uwarki!"

"Shi ya sa ta yi laushi. Tashi tsaye."

"Jama'a, ku zo! Matata za ta yi mini tsirara a cikin sanyi!"

"Kira su. In nuna musu bargon, in gaya musu yadda ya ja ciki ya zo lambu."

Ya dubi ƙofar gida, babu mai zuwa. Ya dubi audugar da ke leƙowa, ya dubi idon jikarsa da bai gama bushewa ba. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya dafa gwiwa ya miƙe daga kan bokitin, ya juya mata baya, ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda aka kama.

"Yanka, azzaluma. Amma ki yanka ta baya, inda ba zan gani ba."