Ranar da Na Kai Malam Sanda Teku a Kan Buzu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki taubashina Malam Sanda zan kai shi bakin teku ba, alhali muna zaune cikin zaurensa a Bukkuyum, ko takalmi ba mu sa ba.

Ni tsohon direban tirela ne. Na kai albasa Kwatano, na ɗauko goro Kumasi, na kwana a Agadas taurari na neman taɓa rufin mota. Ina jin Faransancin tasha, da Zabarmanci, da Yarbancin da ya isa a yi ciniki a yi faɗa. Daga baya gwiwa ta ajiye ni a Gummi. Da ɗiyata ta ga kullum ina ƙofar gida ina raka manyan motoci da ido, sai ta bar mini kwamfutarta ta cinya, ta sa mini wasan tuƙin tirela a ciki. (Na ce mata abin yara ne. Mako bai zagayo ba tuwona ya fara hucewa yana jirana.)

A cikin wasan akwai wata hanya da nake so. Takan hau duwatsu, ta ratsa makiyaya, inuwar gajimare na rarrafe a kan kwalta, ba rami, ba shinge, ba wanda zai fito maka daga daji. Can ƙarshe sai ta yi wata doguwar kwana, teku ya buɗe a gabanka. Kullum bayan la'asar nakan ɗora kwamfutar a kan ɗan teburin ƙarfe mai huda-huda da nake aje butar shayi, in tafi abina, in dawo kafin magariba.

Malam Sanda ɗan kawuna ne, saboda haka tun muna yara ba mai raga wa wani. Ni na shiga duniya, shi ya zauna yana karantarwa. Ya san teku a littafi, har sunayensa na Larabci, amma ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne gulbi in ya cika da damina. Duk dawowata nakan ce masa baɗi zan tafi da shi Kwatano. Baɗi ta yi ta zuwa tana wucewa. Sai ga labari cewa ciwon yanar ido ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi yake gani. Ranar kasuwa na naɗe kwamfuta cikin rawani, na bi ayarin motoci, don hanyar yanzu sai da rana kuma sai da jama'a.

Kafin in gama shan ruwa zauren ya cika, domin tun daga tasha nake shelar cewa yau Malam zai ga teku. Har maƙwabcinsa Arɗo Jaɓɓi ya jingine sandarsa ya zauna.

"Baƙi biyu na gani," in ji Malam. "Kai ga tabarma nan, ta ishe ka. Ita wagga da za ta kai ni teku, ai ba a aza ta ƙasa."

Sai ya zaro buzun da yake zaune a kai, wanda ya gada daga mahaifinsa, mai gashi kamar ka nutsa hannu har wuya, ya shimfiɗa mata. Buzun da ko ni ban taɓa samun zama a kansa ba! Kaina ya kumbura. Na ɗora ta a tsakiya, har da ɗan dannawa don ta zauna daram, na jona cajarta a solar Malam, muka yi bismilla.

Da fari tafiya kamar a mafarki. Malam ya kawo lafiyayyen idonsa dab da gilashi, hasken hanya na wasa a gemunsa. Muka wuce wata makiyaya, Arɗo ya zabura.

"Kai! Waɗanga shanu ba su da tozo. Wa ya ɗebe musu?"

Ina cikin yi masa bayanin shanun Turai da na Kamaru, sai motar ta ɗan yi tuntuɓe. Hoton ya tsaya, ya zabura, ya sake tsayawa, kamar tafiyar hawainiya. Akwai wata 'yar lamba a kusurwa mai nuna yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa guda, wadda a gida ba ta motsi. Na ga tana gangarowa kamar ruwan rijiya da bazara.

"Mi ya hwaru, direba?" in ji Malam.

"Ƙaramin abu ne," na ce. "A Lome ma mota kan yi haka."

Na tuna ɗiyata ta ce in ba wuta kwamfutar kan yi rowar ƙarfinta, sai na duba caja. Tana ciki. Na rufe duk abin da ke buɗe a bayan wasan, har hotunan jikoki. Ta ɗan farfaɗo, ta sake komawa. Na ɗora laifin a kan solar Malam, na ce wutarta raguwa ce irin mai ita. Na fita waje ina ɗaga waya sama in kira ɗiyata, sabis ya ce bai san zancen ba.

Sai na koma ga dabarar direbobi: in mota ta gaza tudu, a rage mata kaya. Na shiga wurin saiti na cire inuwa. Duniyar ta zama kamar an wanke ta da toka. Na cire gajimare. Na cire ciyawa, na rage nisan gani, na kashe madubin gefe. Kowane abu na cire sai ta yi taku kaɗan ta sake sarƙewa, ni kuma ina ta kwashe ƙasar da na zo nunawa, ɗaya bayan ɗaya, har makiyayar ta koma fili fetal.

"Ina shanun?" in ji Arɗo. "Nan ma an kore su?"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi a ƙasarmu yanzu, gajeriya. Ni dai zufa ta jiƙa mini hula. Fankar cikin kwamfutar tana kuka kamar injin niƙa. Daga bayan ƙofa muryar Inna Kulu, matar Malam, ta iso:

"Malam, wa ya shigo da tunkiya zaure? Tun daga madahi nake jin warinta."

(Ko a nan ban gane ba. Har waige-waige na yi ina neman tunkiyar.)

Muka iso doguwar kwanar. Na ce kowa ya yi shiru, Malam ya matso. Na danna maɓallin karya kan mota, hoton ya daskare. Da ya dawo, tirelata ta riga ta haye ƙarfen gefen titi ta kwanta, tayoyi sama, ni da ban taɓa kayar da mota ba tun ina saurayi. Tekun kuwa, bayan duk abin da na cire, ya zama wani shuɗin layi kamar zanen da aka shanya a igiya. Sai gilashin ya yi baƙi ƙirin. Abin da ya rage a ciki shi ne fuskata, baki buɗe.

Malam ya daɗe yana kallo.

"To, ga teku na gani," ya ce. "Ashe yana da hurhura da giɓi."

Na kai hannu na ɗaga kwamfutar, na kusa saki don zafi. Duk hudojin da take shaƙar iska ta ƙasa gashin buzu ya toshe su tam. Ni da na taɓa sauke yaron mota a tsakiyar hanya don ya shanya riga a gaban lagireto, inda injin ke shan iska! Sai na juya ta na nuna musu.

"Ba laihinta ba na," in ji Malam. "Karatun da ke cikin buzunga ko kai ka zauna bisa sai ka suma."

Inna Kulu ta aiko da murhun gawayi na waya, babu wuta a ciki. Muka ɗora kwamfutar a kai kamar tukunya, na tsintse gashin da tsinken tsintsiya, muka tafi sallar la'asar ta huce. Da muka dawo na maido inuwa, na maido gajimare, na maido wa Arɗo shanunsa. Lambar ta tsaya cak a inda take tsayawa a gida. Muka hau duwatsu, muka sha kwana a hankali, teku ya buɗe, rana na narkewa a kansa.

Malam ya ce in kashe injin motar. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar ruwa yana zuwa yana komawa. Ya tambaye ni ina ƙetarensa, na ce ba a hangowa. Ya gyaɗa kai, idonsa na ruwa. (Ya ce hasken ne. Na bar shi a haka.)

"Ashe numfashi yakai," ya ce a hankali. "Littahi bai hwaɗi mani wannan ba."

Har yau a Bukkuyum Direban Buzu suke kirana, Arɗo ne ya raɗa. Ni kuma tun daga ranar, duk inda aka karrama ni da shimfiɗa mai laushi, nakan yi godiya, amma sai na duba ta inda zan sha iska kafin in zauna.