Ankon Malam Zubairu

Wani mutum ne a unguwarmu, Zubairu, wanda in dai cika baki ne ba shi da na biyu. In ka ce ka ga maciji, shi ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da kada. In ka ce zazzaɓi ya kayar da kai, shi har an fara haƙa masa kabari ya tashi ya taya su. Ga shi da jarabar waya. Ya taɓa tsoma ta cikin kwanon fura, ya kara ludayi a kunne yana cewa alo.

Rannan muna majalisa a ƙofar shagon Iro tela, sai ga shi ya doso yana taku ɗai-ɗai. Ya dire wayarsa kan keken ɗinki, ƙwas.

"Iro, kulle wannan a durowarka. Na tafi hutu. Ba Fesbuk, ba Wasap, ba Tiktok, sai wata ya mutu."

"Kai ɗin?" in ji Iro. "Kai da ko a maƙabarta sai ka leƙa?"

"Ni ɗin. Hankalina zan tattaro wuri guda. In kuka kama ni na taɓa waya, ko ta waye, ku ɗaura mini zani a ƙofar shagon nan."

Iro ya dube shi sama da ƙasa, ya kulle durowa, ya jefa makulli a aljihu.

Daga ranar muka shiga uku da wa'azi. Wai yanzu yana jin takun tururuwa. Wai ashe akwai darbejiya a ƙofar gidansa bai sani ba. Wai sai yanzu ya lura autansa ya fara gemu. Kowa ya zaro waya sai ya dafa shi ya ce, "Allah ya yaye maka, ɗan'uwa. Ni ma da haka nake." Wallahi haushi kamar ya kashe mu.

A gida kuwa labari ya sha bamban. Babban yatsansa ya ƙi zama lafiya. Faranti ma murza shi yake sama, yana jira tuwo ya wuce wani abin ya fito.

Ana nan, matarsa Atine ta bar wayarta a caji ta tafi kitso gidan Hajiya Gaje, wadda ke shirin aurar da 'yarta. Wayar ta yi ƙil. Ta sake ƙil. Zubairu ya ce lokaci kawai zai duba. Sai ya faɗa guruf ɗin matan biki, ana ta dambe a kan anko, rinjaye na wajen atamfa ruwan goro.

Gogan naka ya gyara zama, ya rubuta da sunan Atine: "Haba mata, wa yake ruwan goro a bana? Kore shar mai zanen tsuntsu."

Aka yi masa ca. Ya yi musu kaca-kaca. Kullum Atine ta sa ƙafa waje, sai ya hau. Ya tsayar da kore, ya tsayar da riga mai hannun buhu, ya kori wata da ta kawo maganar leshi. Can ƙasa kuma ya ƙara da cewa, "Ku sa mazanku su yi koyi da mijina, namijin duniya, ya yi sallama da waya."

Ranar wata Asabar da la'asar yana tsakiyar yi mana bayanin natsuwa, sai ga Hajiya Gaje da Atine da ayarin mata, riƙe da leda.

"Malam Zubairu, godiya muka zo yi. Ka sha wahalar bikin nan."

"Wane biki, Hajiya? Ni da ko waya ba na taɓawa?"

"To abin mamaki. Atine dai tunda take ba ta taɓa rubutu a guruf ba, murya take turowa. Rannan kanta na kan cinyar mai kitso, muna karanta mata abin da take rubutawa."

"Aljanu ne," in ji Zubairu, gumi na tsattsafo masa. "Sun yi yawa a layinmu."

"Haka muka ce mu ma. Shi ya sa muka watsar da zaɓinsu." Ta zaro atamfa ruwan goro ta miƙa wa Iro. "Ga ankon, a yanka."

Zubairu ya miƙe zumbur. "Ruwan goro kuma? Ai kore muka tsayar, mai tsuntsu!"

Ya kai hannu zai toshe baki, amma magana ta riga ta fita.

Iro ya sunkuya ƙarƙashin keke a natse, ya fito da riga da zani da ɗankwali, kore shar, an goge an ninke.

"Tun shekaranjiya su Hajiya suka kawo yadin, awonka kuwa na wajena tun ƙaramar salla," ya ce. "Hannun buhu, yadda ka yi umarni."

Aka rirriƙe shi. Mata suka rangaɗa guɗa, wayoyin da ya yi ta tsine wa suka tashi sama gaba ɗaya. Atine da kanta ta ja zanin ta soke masa a ƙugu, ta ja da baya tana duba aikinta.

"Malam, daina ɓoye fuska," ta ce. "Mazan unguwa na son su yi koyi da kai."