Gursun Iya Falmata

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanin matata a Toranke ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ina da wata kwandalar azurfa da na gada daga kakana, mai hoton wata sarauniyar Turawa, an buga 1780 a bayanta. Da yake ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Gaya, sai na yanke hukuncin cewa ta gwaji ce, irin wadda ake buga ɗaya ko biyu a nuna wa masu mulki kafin su amince. (Babu wanda ya gaya min haka. Ni na gaya wa kaina, ni na yarda.)

Bayan ɗaurin aure na shiga gaida Iya Falmata, kakar matata, 'yar asalin Barno. Mata sun cika tsakar gida. Maimakon in gaisa in fita kamar kowane suruki mai kunya, sai na zaro kwandalar na kama lacca. Na ce duk Kano babu irinta. Har na hana wata gwaggo taɓawa, wai hannunta da maiƙo.

Iya ta ce, "Miƙo nan in gani, angona." Ta jujjuya ta, ta ce, "Ai gursu ce, kuɗinmu na dā a Barno." Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon abin wuya. Kwandala tara ce a jere a jikinsa, kowace da sarauniyata, kowace 1780.

"Da su aka kai ni ɗakin miji. Ta goman na bai wa maƙeri a kasuwar Ajingi ya yi min zobe."

Gwaggon da na hana taɓawa ita ta fara dariya. Matata ta rufe fuska da mayafi.

Da na koma gida na bincika a waya. Ashe a wannan shekarar ce sarauniyar ta mutu, su kuma Turawan suka ci gaba da buga kuɗin har zamaninmu ba su canza shekara ba. Wannan wane irin rashin gaskiya ne? Ɗalibina ya yi kuskuren kwanan wata sai in rage masa maki, ga manya sun fi shekara ɗari biyu suna yi da gangan.

Abin da ya fi ƙona min rai, matata ta san abin wuyan nan tun tana yarinya. Shekara uku tana jin laccata ba ta ce uffan ba. Wai, "Na ga kana jin daɗi ne, Malam."

Yanzu dai na koyi darasi: kafin ka yi wa jama'a lacca kan kayan tarihi, fara tambayar tsohuwar gidan abin da ke cikin adakarta.