Zagin Sarki Cikin Koren Bango

"...lafiya lau, ya gida? Kai, wace irin gaisuwa ce wannan, kana haki kamar wanda kare ya biyo?"

Haka na tari ɗan goggona ranar Asabar da hantsi, da ya faɗo shagona hula a karkace. Sana'ata ɗinke littattafai da yi musu bango. Shi kuwa tsohon malamin makaranta ne, kuma sakataren wata ƙungiyar dattawa masu son tarihi. A ɗakin bayan laburare suke taruwa, su yi ta yabon wani sarki da ya mutu shekara ɗari bakwai da suka wuce, wai shi Mai Ganuwa. Bara wani marubuci, irin waɗanda ake rububin littattafansu a kasuwa, ya rubuta cewa sarkin nan 'ya'yan wansa ya kashe ya hau gado. Tun ranar suka kafa doka: duk ɗan ƙungiyar da aka kama da littafin, a fitar da kujerarsa waje. Manya da furfurarsu, saboda mutumin da ko ƙashinsa babu!

"Uwar Gam, ina littafina?"

"Bawa da tambayar uwargijiyarsa ba ladabi? Wa ya rene ka?"

"Ki bar wasa, don Allah. Wanda na kawo ranar Talata."

Littafin marubucin nan ne. A ledar magani ya ɓoyo shi, ya ce in cire bangonsa in sa masa kore, irin na littafin martani guda talatin da nake ɗinke wa ƙungiyarsu, don ya riƙa karantawa ko a gaban kowa. Na miƙa hannu kan kantar da na ajiye shi. Wayam. Na ɗaga kwali, na leƙa ƙarƙashin tebur. Babu shi.

"Me ya sa kika yi shiru? Ke da ko a barci surutu kike."

"Ɗazu Shugabanku ya zo da kansa ya ɗauki kwalin littattafanku."

"To?"

"To dai na ga kwalin ya ƙi rufuwa, sai da na hau kansa na zauna."

Ya dafe bango. "Inna lillahi! Kin kashe ni. Ƙarfe huɗu za a raba su, kowa a miƙa masa nasa."

"Ni na kashe ka? Wa ya ce a yi wa kura rigar tunkiya? Munafuncin dodo ai mai shi yake ci."

"Shekara ashirin kina wannan aiki ba ki san talatin da talatin da ɗaya ba? Dama tun muna yara gam kike lasa, shi ya manne miki ƙwaƙwalwa."

"Kai kuma alli ka ci har ya fito maka a gemu. Kwantar da hankalinka. Wa zai san naka ne? Sai in ce kuskurena ne, na wani ne ya shiga."

"Na yi rubutu a ciki."

"Kai!"

"Da jan biro. A gefen shafi."

"Wannan rubutun naka mai kama da sawun kaza? Wanda duk takardun ƙungiya shi ne a jiki?" Na zauna. "Me ka rubuta?"

"A shafi na arba'in na ce, ƙarya yake yi. Kuma ƙaryar yake! Mutumin da bai taɓa riƙe tsohuwar takarda ba, ya kwaso tsegumin maƙiyan sarki da aka rubuta shekara ɗari bayan mutuwarsa. Irinsu ba gaskiya suke nema ba, jini suke zubawa a shafi don a saya a tashar mota."

"To ai lambar yabo za su ba ka."

"A shafi na sittin na ce, wannan kam ba ni da amsarsa."

"Uhm."

"A na tamanin..." Ya rage murya. "Na ce, Allah ya jiƙan yaran."

"Shi ke nan. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ka ce min wace kujera ce taka, in aika a ɗauko kafin rana ta ci fentinta."

Bai rama ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Mutumin da tun muna tsere a tsakar gidan kakarmu ban taɓa faɗar ɗaya bai faɗi biyu ba. Ya zauna kan tulin takardu yana murza hularsa.

"Tun da matata ta rasu," ya ce, "Asabar kaɗai nake goge riga. In suka kore ni, wa zan gaisar?"

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da waɗancan tsofaffin. "Tashi, ragon banza. Tare za mu je. Zan ce ni na rubuta, na kwaikwayi hannunka. Zan ce ni jikar yaran nan ce, gadona na zo karɓa."

"Yaran da aka kashe suna shekara bakwai, ta ina suka haifi kakarki?"

"Ka ga, kai ma ka yarda an kashe su!"

"Rufa min asiri, bango yana da kunne!"

Ashe kuwa. Daga barandar shaguna muka jiyo ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sandar Shugaba ce, tsohon alƙalin da ko tari ya yi sai an miƙe. Kafin in ƙifta ido, ƙaton mutum ya shige bayan injin yankan takarda. Ni ma na ɗauki allura na rasa kafarta.

Shugaba ya shigo, ya ajiye koren littafi a kan teburina.

"Malama, wannan ya fi 'yan'uwansa ƙiba."

"Ranka ya daɗe, kuskurena ne, ni ce..."

Ya ɗaga min hannu, ya juya wajen injin. "Sakatare, takalminka ya leƙo."

Bawan Allah ya fito da yankakkun takardu a ka.

"Shafi na arba'in ka yi daidai, ɗan kasuwa ne, ba masani ba. Shafi na sittin kuwa, tun kafin yaron nan ya iya riƙe biro nake neman amsarsa, ban samu ba." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ni ban ga komai ba. Kada ka makara, kai za ka raba littattafan."

Sai da ƙarar sandar ta ɓace sannan muka yi numfashi.

"Jarumi!" na ce. "Da irinku ke tsaron ganuwar, da akuya ma ta ci garin."

"Ke da kika yi ta soka allura a iska?" Ya ɗauki littafin da yatsa biyu kamar garwashi, ya turo min. "Ungo, na ba ki kyauta. Ke ba ki da kujerar da za a fitar."

"Ai na karanta shi tun ina ɗinki. Ba ka kai shafi na ɗari ba ko? Can ne aka zo kan matar wan sarkin."

Ya toshe kunnuwansa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. "Kin ci, Uwar Gam, wallahi kin ci! Ki bar min sarkina ya kai ƙarfe huɗu da ransa."