Rasuwar Dattijo a Hawa na Talatin da Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da masu shagunan da nake kai wa burodi rasuwar keken gidanmu, wanda kowa ya fi sani da Dattijo. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce da yamma, a tsakiyar tudun tankin ruwa, ina kansa. Ya bar duniya yana da shekara talatin da ɗaya. Ya girme ni da shekara bakwai.

Marigayin baƙi ne, kakkaura, mai nauyi, ba shi da canjin giya. Baba ne ya saye shi tun yana saurayi, ya yi shekara ashirin da shida yana rabon burodi da shi, har idanunsa suka daina gani, sannan ya miƙa mini. Mai haƙuri ne. Ya ɗauki burodi, ya ɗauki katifa, ya taɓa ɗaukar akuya mai ciki. Shi ya kai Inna asibiti ranar da za a haife ni. Ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, bai taɓa ƙin fita aiki ba.

Ba shi da yawan magana. Abin da yake cewa kawai shi ne ƙiiƙ-ƙarr, ƙiiƙ-ƙarr, daga fedar hagu. Baba yana zaune a kan benci a ƙofar gida, tun daga kwana yake jin mu, sai ya ce wa Inna, "Zuba abinci, ga shi nan shi da yayansa." Kullum da yamma kuma sai ya ɗauko tsummansa ya goge shi da kansa, yana lalube.

Na ga idan za a rubuta irin wannan sanarwa akan ce mamaci ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Ni ba zan iya rubuta haka ba. Lafiyarsa ƙalau. Ni na sa masa ciwon.

Kullum da sassafe nakan hau tudun tanki da burodin shago goma sha ɗaya a bayana. A nan na san 'yan tseren keke, masu matsattsun kaya da hular kwano. Wata rana na wuce biyu daga cikinsu, ban ma yi niyya ba, sauri nake kada burodi ya huce. Babbansu, wanda suke kira Kyaftin, ya biyo ni har sama yana haki, ya ce, "Mai burodi, wa ya ba ka aron waɗannan ƙafafun?" Tunda nake ba a taɓa tare ni a hanya don a yabe ni ba. Ranar har na manta shago ɗaya.

Shi ya gaya mini abin da suke shiryawa. Wai akwai dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a duniya, amma ba sai mutum ya je can ba. Tudu ɗaya za ka zaɓa, ka hau ka sauko, ka hau ka sauko, ba barci, har in an haɗa hawan ya kai tsawon wancan dutsen. Tudunmu sau tamanin da tara ne. Ya ce in ina so in zo. Ya kuma ba ni kekensa in ɗaga. Da yatsa biyu na ɗaga shi. Na juya na dubi Dattijo a jingine, sai na ji kunyarsa. Wannan kunyar ita ce farkon ciwon.

Na cire masa kariya, wato maɗorin kaya na baya, na cire ƙararrawa, da murfin tayoyi, da ƙafar tsayawa. Na ɗaga, har yanzu da nauyi. Sai na kai shi wurin mai walda na bakin kasuwa, na ce ya huhhuda ƙarfen jikinsa nauyin ya ragu.

Ya ɗage baƙin gilashinsa ya dube ni. "Kai ɗan nan, keke kake so ko rariya?"

Na ce ai ƙarfen da ne, ba zai ji ba. Na yi ta roƙo har ya gaji. Rami arba'in da biyu ya yi, yana yi yana girgiza kai. Kada kowa ya ga laifinsa, ya faɗa mini gaskiya.

Daga ranar muryar Dattijo ta sauya. In muna gangara sai iska ta shiga ramukan, ya riƙa fiii, fiii. Baba ya ce, "Yayan naka mura yake yi ne? Na ji yana fito." Na ce iska ce kawai. Da ya ɗauko tsumma na ce ya bari, na riga na goge. Na koma ajiye shi bayan kicin, inda hannun Baba ba ya kaiwa. Kwana tara ina cewa na riga na goge.

Ranar Asabar mu bakwai muka fara, gari yana wayewa. Mai shayi na gindin tudu yana ja mana layi da gawayi a bango, kowa da gefensa. Duk na sauko sai ya ce, "Mai burodi, in ka kai saman duniyar ka gaishe su!" Kafin rana ta take, uku sun zauna a ƙasa, ɗaya yana amai. Ni da Dattijo muna ta yi. Ba ma sauri, amma ba ma tsayawa. Mutane suka fara taruwa suna tafi, wata tsohuwa ta miƙo mini ayaba.

A hawa na talatin ya fara wata magana da ban san shi da ita ba. Tak. Can kuma, tak. Na ji. Ba zan ce ban ji ba. Kyaftin ma ya ji, ya matso ya ce, "Ɗan'uwa, sauka ka duba tsohon nan." Na ce ya saba. Tafin ne ya cika mini kunne.

A hawa na talatin da takwas, daidai kwanar da mangwaro yake, na miƙe tsaye na taka feda da ƙarfi. Ƙas. Ƙarar ba ta da ƙarfi sosai, kamar an karya busasshen kara. Bai yar da ni ba. Durƙusawa ya yi a hankali har ƙafafuna suka taɓa ƙasa, sannan ya kwanta. Ko ƙwarzane babu a jikina. Tayar baya ta ɗan ƙara juyawa, ta tsaya.

Mai walda ya duba, ya ce, "Daga rami zuwa rami ya tsage. In na haɗa nan, can zai buɗe. Ka yi haƙuri."

Kwana biyu ina rabon burodi a ka, ina shiga gida a saɓule. Rana ta uku Baba ya ce, "Ni fa makaho ne, ba kurma ba. Ina yayanka?" Na faɗa masa yana shagon mai walda. Ya ce in raka shi can.

Da muka isa ya tsuguna, ya fara shafa shi tun daga kai. Yatsansa ya faɗa rami na farko, ya tsaya. Ya matsa, ya sake samun wani. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Mai walda ya kashe injinsa. Ni dai na kasa daurewa, na faɗa masa komai.

Ya ce, "Sau nawa kuka hau?"

Na ce, "Talatin da bakwai, Baba. A na takwas ɗin ne."

"A kansa kake? Har sama?"

"E, Baba. Ai kullum ma haka nake hawa."

Ya ɗauke hannunsa daga kan ƙarfen. Sannan ya ce, "Shekara ashirin da shida ina bin tudun nan. Ban taɓa hawansa a kai ba. A gindi nake sauka in tura shi. Shi ya ɗauke ni a shimfiɗe, ni in ɗauke shi a tudu. Na ɗauka ka sani." Ya goge hannunsa a riga. "Ban gaya maka ba ne. Na ɗauka ka sani."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. A hanyar komawa bai dafa kafaɗata ba, sandarsa ya bi. Kwana biyu bayan nan in na gaishe shi sai ya amsa a gajarce, ya juya kai wajen titi.

Marigayin ya rasu ya bar kariya ɗaya da ƙararrawa ɗaya, waɗanda suke ƙarƙashin gadona tun ranar da na raba su da shi, da tsohon famfon iska mai tari, da tayar gaba wadda har yanzu da iskarta. Ya bar shaguna goma sha ɗaya da suke karɓar burodi a makare. Ya bar Inna, wadda yanzu ba ta san lokacin zuba abinci ba sai ta gan ni a tsakar gida. Ya bar Baba. Ya bar ni, ƙaninsa, wanda bai riƙe amana ba.

Muna godiya ga Kyaftin, wanda ya cika tamanin da taransa washegari da safe, kuma ya zo gaisuwa yana ɗingishi. Muna godiya ga mai shayi, amma ina roƙonsa ya goge layukana daga bango. Masu sayen tsohon ƙarfe da suka zo har sau biyu, don Allah su daina zuwa. Ba za a auna shi a sikeli ba.

Za a ɗauko shi gobe Asabar da ƙarfe tara na safe, daga shagon mai walda zuwa gida, inda za a rataye shi a bangon ɗakin Baba. Za a mayar masa da kayansa duka kafin a fito, da hannuna zan ɗaura. Duk mai son rakiya ya zo da ƙafa, kada a zo a kan keke.

Na nemo mai kurar kaya zai ɗauka, amma jiya Baba ya kira ni ya ce a sallame shi. Ya ce mai walda ya ɗaure karayar da waya, mu biyu za mu turo shi. Ni zan riƙe kai. Shi zai riƙe sirdi ta baya, kamar lokacin da yake koya mini hawa. Ya ce in riƙa faɗa masa inda kwata take.

Tafiyar za ta ɗauki lokaci. Kada kowa ya ce mana mu yi sauri.