Allurar da Na Dasa a Shafin Kawu Sale

Ba zan taɓa mantawa da azumin da na yi wa Kawu Sale gwaninta ba. Ƙanin mahaifiyata ne, yana da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Da ƙyar Inna ta shawo kansa ya ba ni aikin buɗe masa shafin intanet, don masu sayen kayansa na nesa su riƙa zaɓa daga gida. Sharaɗinsa ɗaya ne: in shafin ya ba shi kunya a cinikin Sallah, aikina ya ƙare.

Shafi ya yi kyau, ba yabon kai ba. Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Amma ina! Sai na ga ya kamata duniya ta san na yi karatu. Na dasa wani ɗan agogo mai allura a saman shafin, irin na gaban mota, yana nuna nauyin aikin da ke kan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin (tsohuwa ce tukuf, tana shagon abokina Emeka a Sabon Gari). In aiki da sauƙi allura tana kan kore, in ya yi yawa ta haura ja, kuma duk ƙiftawar ido sai ta tambayi sabar halin da take ciki. Wa ya aike ni? Babu kowa.

Na manta da halin 'yan kasuwa: kowa na ɓoye cinikinsa, kowa na son leƙa na maƙwabci. Wani a layinsu ya ga allurar, ya yanke hukunci cewa cinikin Kawu take aunawa. Shi ke nan, labari ya zaga.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah Kawu ya kira ni. "Kai, duk inda kake ka zo yanzu."

Na ratso cunkoson shataletalen Bata ina haki, ga azumi. Na tarar da ƙofar shago cike da mutane, kowa ya ƙura wa wayarsa ido. Alhaji Bala, maƙwabcin Kawu, yana cewa, "Ma sha Allah, Alhaji Sale, ta shiga ja! Bana Sallar taka ce."

Kawu ya ja ni gefe. "Ni za ka tona wa asiri? Ka kafa wa mutane ma'aunin arzikina su sa min baki? Kuma wane ciniki? Tun safe ko yadi ɗaya ba a saya ta shafin nan ba. Hajiyar Maraɗi da ke ɗibar min kaya duk shekara ta ce ya ƙi buɗuwa!"

Nan kaina ya ɗaure tamau. Ba a sayen komai, to me ya kai allura ja? Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara tsayuwa na sanar da jama'a cewa masu kutse ne daga ƙasar waje suka kawo mana hari. Har wani ya yi salati. Don in ƙara armashi, na kira Emeka na buɗe sautin wayar don kowa ya ji.

"Wane kutse?" in ji Emeka. "Oga, duk 'yan Kano ne. Sun buɗe shafi suna kallon allurarka, ita kuma ta hana sabar sakat da tambaya. Kallon ne yake kai ta ja. Kai ma ka bar shi a buɗe a kwamfutarka tun jiya, rufe mana!"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin in haɗa kalma ɗaya, shafin ya mutu murus a hannun kowa. Alhaji Bala ya girgiza wayarsa, ya ce, "Af, Alhaji, har kayan sun ƙare?"

Hajiya dai ta yi sayayyarta a wani shagon. Kawu bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ka gaida min Yaya," wato Inna, ya koma tura wa mutanensa hotunan kaya ta waya.

Abin da na koya shi ne, baƙo tuwo ya zo ci, ba leƙen tukunya ba. In ka buɗe masa murfi, zai kira 'yan unguwa su taya shi kallo har wuta ta mutu, kai kuma ka kwana da yunwa.