Ranar da Na Tura Malamina Ya Karanta Littafin Kansa

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na yi cikin motar aro a ƙofar gidan Alhaji Sidi, a unguwar Dagmanet. Amma bari in ɗan koma baya, ku ji yadda na ɗaure kaina da hannuna.

Ni malamin tarihi ne a nan Agadez, kuma (gara in faɗa da kaina) mutum ne mai son a ji bakinsa. A lokacin, gardamar da ta cika buronmu, wato ofishinmu, ita ce ta masu tantance maƙala. In ka aika bincikenka ga mujalla, sai su miƙa shi ga wani masani ya duba, ba ka san shi ba, bai san ka ba. To, wasu mujallu sun zo da sabon salo: in an buga maƙalar, sai a buga rahoton mai tantancewa a gefenta, har da sunansa in ya yarda, kowa ya karanta kyauta. Abokin aikina Musa ya ce wannan ba zai yiwu a garinmu ba, inda duk wanda za ka soka, ko malaminka ne ko kuna sahu ɗaya ran Juma'a. Ni kuwa na ce tsoro ne kawai, mai gaskiya ba ya ɓoye sunansa. Har tebur na buga.

Ba a jima ba irin wannan mujallar ta aiko mini da maƙala kan ayarin gishiri na Fachi, garin nan na tsakiyar hamada. Da Ingilishi take, wani Ingilishi sumul kamar an yi masa guga. Tun a shafukan farko na yanke hukunci: baƙo ne, ya sauko daga jirgi, ya sha shayi da masu raƙuma, ya koma ƙasarsu ya zama gwani. Wai ayari bai mutu ba, salo ya canza, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da manyan motoci. Alhali littafin Malam Abari ya ce motoci za su kashe ayari. Kuma ko sau ɗaya mutumin bai ambaci littafin ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Malam Abari haifaffen Fachi ne. Shi ya koyar da ni, shi ya duba kundin digirina, kuma tun rasuwar mahaifina Baba nake ce masa. Shi ne ma ya yarda ya shige gaba wajen nema mini auren Hadiza, ɗiyar Alhaji Sidi, attajirin da ba ya ba da ɗiya ga wanda babu dattijo a bayansa.

Sai na zage damtse don kare Baba. Na rubuta cewa da gani marubucin bai taɓa taka Fachi ba. Na ce ya je ya karanta littafin Malam Abari daga farko har ƙarshe kafin ya sake ɗaukar alƙalami. Da mujallar ta tambaya ko a sa sunana, na ce a sa, har na nuna wa Musa don ya ga yadda maza suke yi. Watanni suka wuce, na manta.

Ranar neman aure na ɗauko Baba da wasu dattawa. Mai nema ba ya shiga zaure, don haka suka shiga, ni na zauna a mota ina ta gyaran hula a madubi. Sai ga saƙon Musa a waya: "Mai gaskiya, rahotonka ya fito." Na buɗe da murmushi. A sama, ƙarƙashin kan maƙalar, ga sunan marubuci: Abari.

Na kashe wayar na kunna, ko sunan zai canza. Bai canza ba. Na fita daga mota, na koma, na sake fita. Na laluba ko akwai inda ake goge rahoto, babu. Abin da na gani kawai shi ne mutane sun riga sun fara karantawa. Wallahi har na yi tunanin tada mota in miƙe sai Dirku, can ƙuryar hamada. (Daga baya na gane komai. Baba ya cire ambaton littafinsa ne don kada a gane shi, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ingilishin kuma ɗiyarsa da na'ura suka yi masa. Ra'ayin kuwa, shi da kansa ya ga ya yi kuskure a da, ya gyara. Mujallar ta daɗe da sanar da shi sunana, yana ta zuba mini shayi kowace Juma'a kamar bai sani ba.)

Ina cikin wannan zirga-zirgar ƙanen Alhaji ya leƙo, ya ce ana son in shiga a gan ni. Na durƙusa a bakin tabarma, kaina a ƙasa. Alhaji ya dubi Baba, ya ce shi abu ɗaya yake son ji, halin yaron.

Baba ya ajiye kofin shayi a hankali. "Alhaji, wanga yaro ba ya tsoron kowa. Ya rubuta wa duniya duka cewa ni ban taɓa taka Fachi ba."

Sai dariya ta ɓarke a zaure. Alhaji, wanda ya san gidan su Baba a can tun yana saro gishiri, sai da ya share hawaye da bakin rawani. Da ya natsu ya tambaye ni, ba da wata manufa ba, "To kai, ɗana, sau nawa ka tahi?"

Jama'a, ban taɓa zuwa ba. Duk Fachin da na sani a littafin Baba na san ta. Na faɗa da wata ƴar murya da ni kaina ban gane ta ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ne ya cece ni. Ya ce duk haukan nan don kare shi na yi, kuma a cikin rahoton akwai wani gyara ɗaya mai kyau da ya ɗauka. Wanda zai yi faɗa haka a kan malaminsa, in ji shi, ba zai bari a taɓa matarsa ba. Alhaji ya ce a yi fatiha, ya ba ni Hadiza.

Har yau ina nan a kan bakana cewa a riƙa sa suna, sai dai na daina buga tebur. Kowane rahoto yanzu ina rubuta shi kamar marubucin na zaune a zaure da aurena a hannunsa. Fachi kuma na je, a bayan babbar mota, a kan buhunan hatsi. Baba ne ya sama mini wurin, ya kuma miƙo mini littafinsa ta sama, ya ce hanyar da nisa, in karanta daga farko har ƙarshe.